Ɗalibi Kurma a Makarantar Sakandare: Abin da Yake Buƙata da Yadda Za a Taimake Shi

A garuruwa irin su Kiyako, cikin ƙaramar hukumar Birnin Kudu, da ƙauyukan Gwaram a kudancin Jihar Jigawa, akwai yara maza da mata waɗanda ba sa ji. Wasu haka aka haife su, wasu kuma ciwo ne ya tafi da jinsu bayan sun fara magana. Akwai masu lallaɓawa su gama firamare, amma da an shiga sakandare sai karatu ya tsaya, a ce yaron ba shi da ƙwaƙwalwa. Yawanci ƙwaƙwalwarsa lafiya take. Darasin ne ba ya isa gare shi, domin ta kunne ake aiko shi, shi kuwa ta ido yake karɓa. Duk taimakon da za a yi masa ya rataya ne a kan mayar da darasi abin da ido zai iya kamawa.

Kurma, bebe da mai raunin ji

A bakin mutane akan haɗa kurma da bebe wuri ɗaya. Kurma shi ne wanda ba ya ji. Yawancin waɗanda ake kira bebaye harshensu da maƙogwaronsu ba su da wata matsala. Ba su taɓa jin magana ba ne, saboda haka ba su koyi furta ta ba. Akwai kuma mai raunin ji, wanda yake ji kaɗan-kaɗan, ko da kunne ɗaya. Shi ne ya fi shan wahala a ɓoye, don ana ganin yana amsawa wani lokaci, sai a ɗauka taurin kai ne in bai amsa ba.

Ana auna ƙarfin ji da ma'aunin da ake kira desibel. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa raunin ji a matsayin mai hana mutum harkokinsa idan ya wuce desibel 35 a kunnen da ya fi lafiya. Hukumar ta ce mutum miliyan 430 ne a duniya suke cikin wannan hali, daga cikinsu yara miliyan 34, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara daga abubuwan da za a iya hanawa take fitowa.

Abubuwan da ke kawo shi

Jigawa tana cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa a lokacin rani da zafi, kuma kurumta na cikin manyan tabon da yake bari. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafin da ke kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar sanƙarau, kuma Jigawa na cikin jihohin da cutar ta ɓarke a lokacin. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau, a kai shi gwajin kunne cikin 'yan makonni, kada a jira sai an ga alama.

Ban da sanƙarau akwai ƙyanda, da hangum, da zazzaɓin Lassa, da shawara mai tsanani ga jariri, da doguwar naƙuda, da gado. Akwai kunnen da ke zubar da mugunya shekara da shekaru ba a yi magani ba. Wasu magunguna ma, irin su allurar jentamaisin da sitireftomaisin, suna iya kashe ji idan aka yi su ba bisa umarnin likita ba.

Ga alamun da ya kamata iyaye da malamai su lura da su: yawan cewa "na'am?" ko "me aka ce?", karkata kai gefe ɗaya, kafa wa bakin mai magana ido, ba da amsar da ba ta dace da tambaya ba, da faɗuwar maki ba tare da dalili ba. In an ga haka a fara da asibiti mafi kusa, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. In da buƙata za a tura yaron Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Yadda ilimin kurame ya zo ƙasarmu

Tun kafin zuwan boko kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, wato maganar hannu. Harshe ne cikakke mai ƙa'idojinsa, kuma masu ji da yawa a kasuwa da gona sun iya ɗan wani abu daga cikinsa. Wata masaniyar harsuna 'yar Jamus, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano, ta buga littafin nazari a kansa a shekarar 2000.

Maganar hannun makaranta kuwa daga wani wuri ta fito. Andrew Foster baƙar fata ne ɗan Amurka, an haife shi a 1925, sanƙarau ya kurumtar da shi yana ɗan shekara 11. A 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya sami digiri a Gallaudet, jami'ar kurame da ke Washington. Ya zo Afirka aikin mishan, ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, da wata a Ibadan a 1960. Kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987, ya kafa makarantu 32 a ƙasashe 13. Shi da ɗalibansa suka yaɗa maganar hannu ta Amurka, wadda a kanta aka gina wadda ake koyarwa a makarantun Najeriya yau.

A 1977 aka buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano, wadda ke ɗaukar kurame da makafi. A shekarar ne kuma aka kafa Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman a Oyo, mai horar da malaman irin waɗannan yara. Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos duk suna da sashen ilimi na musamman. Jihar Jigawa tana da makarantar masu lalurar ji a Haɗejiya. Sai dai daga Kiyako ko Gwaram, Kano da Haɗejiya duk tafiya ce, kuma ba kowane gida ne zai iya rabuwa da yaro zuwa makarantar kwana ba. Saboda haka wasu yaran a sakandaren jeka-ka-dawo ta kusa da gida za su zauna, cikin masu ji, gaban malaman da ba a horar da su kan wannan aiki ba.

Dalilin da ya sa sakandare ta fi wuya

A firamare malami ɗaya ne yake riƙe da aji, ya san yaron, yaron ya saba da fuskarsa. A sakandare kowane darasi da malaminsa, kowa da irin bakinsa da saurin maganarsa. Ana yawan yin shifta, ana bayani ana rubutu a allo an juya wa aji baya, ga sababbin kalmomin kimiyya da lissafi kullum.

Sannan ɗalibi kurma yana tsakanin harsuna uku. A gida ana Hausa, wadda wataƙila bai taɓa jin ta ba. A takarda ana Turanci, wanda shi ma bai taɓa jin sa ba. Harshen da yake tunani da shi kuwa na hannu ne, kuma tsarin jimlarsa dabam yake da na Turanci. Shi ya sa rubutunsa kan fito a birkice ko da ya gane darasin sarai.

Wasu sukan ce ai yana karanta leɓe. Karanta leɓe yana taimakawa, amma bai isa ba. Mai karatu ya tsaya gaban madubi ya ce "baki", sannan ya ce "maki", zai ga leɓensa bai nuna bambanci ba. Haka "kaya" da "ƙaya" da "gaya", domin daga can cikin baki ake furta farkonsu. Karin sautin da ke raba "gari" na zama da "gari" na tuwo shi ma ido ba ya ganinsa. Yaro yana cike gurbi ne da hasashe, kuma kafin a tashi makaranta ya gaji liƙis.

Abin da malami zai iya yi ko babu kuɗi

1. A zaunar da ɗalibin a layin gaba, ɗan gefe, inda zai ga malami da allo da sauran 'yan aji. Haske ya faɗo a fuskar malami, kada malami ya tsaya ya ba taga baya.

2. Kada a yi magana ana rubutu a allo. A rubuta, a juyo, sannan a yi bayani. Ɗaga murya ba ya ƙara komai sai karkata baki.

3. A rubuta kan darasi da sababbin kalmomi a allo tun farko. Aikin gida, ranar gwaji da duk wata sanarwa su ma a rubuta su. Sanarwar da aka yi da baki a taron safe ba ta iso gare shi ba.

4. Mutum ba ya iya kallon baki yana rubutu lokaci ɗaya. A ba shi littafin malami ya kwafa, ko a haɗa shi da ɗalibi mai kyan rubutu.

5. In wani ya yi tambaya daga baya, malami ya nuna mai tambayar, ya maimaita abin da ya ce.

6. Kada a tambaye shi "ka gane?", domin zai gyaɗa kai don kunya. A ce ya yi misali ɗaya a allo.

7. A yi amfani da zane, taswira da kayan da za a taɓa. A wajen duba aiki a raba makin fahimta da makin nahawu.

Inda aka sami tafintan maganar hannu, a ba shi darasin tun kafin a shiga aji don ya shirya. Malami ya dubi ɗalibin in yana magana, kada ya ce wa tafinta "gaya masa".

Na'urar taimaka wa ji tana amfani ga mai sauran ji, amma ƙara sauti kawai take yi, har da surutun aji da ƙarar ruwan sama a kwanon rufi. Sai an auna kunne kafin a saye ta, tana buƙatar batir, kuma ƙura da danshi suna ɓata ta.

Aikin iyaye

Yawancin yara kurame iyayensu masu ji ne. Babban abin da gida zai ba yaro shi ne harshe. Uwa da uba da 'yan'uwa su koyi maganar hannu daga wurinsa da wurin manyan kurame na gari. Maganar hannu ba ta hana yaro koyon furuci ko karatu. Wanda ya riga ya sami harshe ɗaya ya fi saurin kama na biyu. In ana dariya a tsakar gida a gaya masa abin da ya faru, kada a ce "ba komai". A saya masa littattafai, a riƙa yi masa saƙon waya a rubuce, domin kowane saƙo darasin karatu ne.

Yarinya kurma tana buƙatar kulawa ta musamman a shekarun balaga. Mugaye sukan ɗauka ba za ta iya faɗin abin da aka yi mata ba. Lallai a sami mace ɗaya a gida da ɗaya a makaranta waɗanda za ta iya yi wa bayani da hannu su gane. Wanda ke tafiya makaranta a bakin titi kuma a koya masa bin gefen da zai fuskanci motoci, tun da ba ya jin oda.

Jarrabawa da doka

A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har zuwa ƙarshen sakandare, ta ce makarantun gwamnati su karɓe su, su kuma tanadi ma'aikacin da aka horar. Ta keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Mutumin da aka samu da laifin nuna bambanci zai biya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Saboda haka uban da ya kai ɗansa kurma makaranta haƙƙinsa yake nema.

Hukumomin WAEC da NECO da JAMB suna da tanadi ga irin waɗannan ɗalibai, amma sai an bayyana lalurar tun lokacin rajista. Iyaye su je wurin shugaban makaranta da takardar asibiti tun ɗalibin yana aji biyu na babbar sakandare, su tambayi ƙarin lokaci, da yadda za a yi da jarrabawar sauraron Turanci, da kuma rubuta umarnin mai tsaron jarrabawa a allo.

Sauran masu buƙata ta musamman

Dabarar ɗaya ce ga sauran ɗalibai: a gano ƙofar da darasi zai shiga, a buɗe ta. Mai raunin gani da zabiya suna son kujerar gaba da manyan baƙaƙe. Wanda shan inna ya taɓa yana son aji a ƙasa da ban ɗakin da zai iya shiga. Mai sikila yana son a ajiye masa darasin kwanakin da ya yi a kwance. Mai farfaɗiya yana son 'yan aji su san cewa ba a ɗaukar ta ta hanyar taɓawa ko miyau, kuma in ta tashi a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa komai a baki.

Abin da jama'a za su iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ikilisiya, zumuntar mata ko ƙungiyar matasa za ta iya ƙirga yaran da ba sa ji a unguwa, ta gayyato babban kurma ya riƙa koyar da maganar hannu sau ɗaya a mako, ta ɗauki nauyin kuɗin mota zuwa gwajin kunne, ko ta tura matashi ɗaya ya koyo aikin tafinta. Ranar 3 ga Maris ita ce Ranar Ji ta Duniya, 23 ga Satumba kuma Ranar Harsunan Hannu. Duka biyun lokaci ne mai kyau na tara iyaye da malamai. Wanda bai san inda zai fara ba ya nemi yaro kurma mafi kusa da gidansa, ya roƙe shi ya koya masa yadda ake gaisuwa da hannu, gobe kuma ya riga shi gaisarwa.