Kaset

kàsêt (ƙasa-faɗau, wasula gajeru) *sn., nm.*, *jm.* kàsêt-kàsêt. Aro daga Ingilishi.

1. Ɗan akwatin roba mai zaren maganaɗisu a ciki, na ɗaukar murya da sauraro. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Fuska biyu gare shi. Samfurin C60 na cin minti 30 kowace fuska, C90 minti 45. Da shi waƙoƙin Shata, wa'azi da saƙon matafiya suka zaga gari. *Mis.* rediyo ta cinye ~; juya ~; naɗe ~ da biro, don tattalin batir.

2. ~ ɗin bidiyo: babba, samfurin VHS na JVC (1976), a kansa finafinan Kano na farko suka fito, irin su *Turmin Danya* (1990). *Mis.* hayar ~.

3. ~ ɗin gem: wanda ake cusawa a na'urar wasan talabijin, kamar Famicom ta Nintendo (1983) ko Mega Drive ta Sega (1988). Ba zare cikinsa. *Mis.* hura ~ in ya ƙi kamawa (dabarar yara, ƙara masa tsatsa take yi).

4. (bakin dattawa) faifan CD ko DVD.

*Dangi:* zaren ~, gidan ~, mai ~. *Dubi:* faifai, rikoda, garmaho.