Fim Uku, Gidan Bennet Ɗaya

A 1813 Jane Austen ta fitar da Pride and Prejudice, labarin 'yan mata biyar a Ingila waɗanda sharaɗin gado ya hana su gidan mahaifinsu. Idan ya rasu, wani ɗan uwa namiji ne zai karɓe. Fim ɗin Amurka na 1940 ya mayar da wannan fargaba abin raha. BBC a 1995 ta ba labarin kashi shida, har mai kallo ya gane abin da ya hana uwar barci. Joe Wright a 2005 ya nuna taɓo da alade a gidan, amma soyayya ta cinye sa'o'insa biyu. Na BBC ya fi kama ni, domin a can aure rufin asiri ne.