Cajin waya a mota da lafiyar batir

Yawancin wayoyin salula na zamani suna aiki ne da batirin lithium-ion, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa a shekarar 1991.

Babban abin da ke rage ƙarkon irin wannan batir shi ne zafi.

Kamfanin Apple ya ce zafin da ya haura digiri 35 a ma'aunin Salshiyos na iya raunana batirin iPhone har abada. A Sakkwato da Yamai kuwa, zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40, balle cikin motar da ta wuni a rana.

Caji kansa yana ɗumama batir, amfani da taswirar nuna hanya ma haka, ga kuma ranar da ke dukan wayar ta gilashin gaba.

Batirin mota yana ba da bolt 12, caja ce ke rage shi zuwa abin da waya ke ɗauka, galibi bolt 5. Caja maras inganci takan bar wutar tana hawa da sauka.

Don haka ya kamata a ajiye waya a inuwa, a bari ta huce kafin a jona ta, kuma a cire ta idan cajin ya kai kashi 80 cikin 100, domin daɗewa a cike ma yana gajiyar da batir.