Ɗanmaraya da Kiɗan Waɗanda Ba Su Gaji Kiɗa Ba

A jami'o'in duniya akwai fannin ilimi da ke nazarin kiɗa ta fuskar zaman jama'a: wa ke kaɗawa, wa ake kaɗa wa, wa ke ba da kuɗi. Mu nan Kwararafa mun ɗauki kiɗa sha'anin biki kawai, alhali tun kafin a haifi yawancinmu wasu suka tsallako teku don rubuta namu. David Ames ya yi bincike a Zariya, Anthony King a Katsina, a 1971 suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirin dakta a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan Mamman Shata.

Abin da suka tarar, kakanninmu sun san shi ba littafi. Kowace sana'a da kiɗanta: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, tambari da kakaki na sarki. Makaɗi gadon ubansa yake yi, gidan da uban ya yi wa kiɗa shi yake bi. Da jin sauti daga nesa an san ko su wa suka taru.

To Jos fa? Gari ne da haƙar kuza ta tara a zamanin Turawa. Lebura ya zo, direba ya zo, ɗan dako ya zo, kuma babu ɗayansu da ya gaji ganga a wannan sana'a, don ita kanta sana'ar baƙuwa ce. Nan ne a ganinmu Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos ya yi abin da ba a cika yaba masa ba. An haife shi a Bukuru a 1946, mahaifinsa makaɗin fada ne, iyayen suka rasu yana ƙarami, sarkin ya riƙe shi. Hanyar fada a buɗe take gare shi. Sai ya ɗauki kuntigi, shi kaɗai ba 'yan amshi, ya yi wa karen mota waƙa. Yaron da ke kwana ƙarƙashin mota, wanda ba ya da abin yi wa maroƙi kari, ya ji labarinsa a rediyo kamar wani basarake. Daga nan ya shiga auren dole da gulma da zaman mai akwai da babu.

Ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015, Allah ya jiƙansa. Waƙoƙinsa suna cikin wayoyinmu, amma waya ba ta faɗin a wane dandali aka yi su, ko su wa suka zauna a wurin. Wannan yana bakin dattawan unguwa da tsofaffin direbobi, kuma kullum raguwa suke. Duk mai tsoho a gida da ya ga wasan Ɗanmaraya da idonsa, ya sanar da sakatare, mu zo mu ɗauki bayaninsa.