Daga Jirgin Ƙasa zuwa Katafila: Kanikancin Manyan Injuna a Zariya

Kafin jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, aikin ƙarfe na maƙera ne: garma, fartanya, lauje, linzami. Jirgi ne ya zo da injin da sai an kwance shi an sake ɗaurewa. Ga kuma injin gurzar auduga na kamfanin BCGA, ga ƙaramin layin dogon da ya tashi daga Zariya ya kai ƙasar Jos a 1914. Tudun Wada, unguwar da Turawa suka keɓe wa baƙi 'yan Arewa a bayan ganuwa, ta zama masaukin masu neman aikin lada, kuma a gindin waɗannan injuna aka fara koyon kanikanci.

Tsarin koyon bai sauya sosai ba. Uba ya kai yaro gareji ya damƙa wa oga amana. Yaro ya fara da wanke kayan inji a cikin gas da miƙa sifana, hannu baƙi ƙirin. Sai ya shekara da shekaru kafin a bar shi ya taɓa nozul ko famfon gas, domin nan ne kuskure kaɗan ke cin kuɗi mai yawa. Abin da oga ya fi horarwa kunne ne: a tada inji, yaro ya saurara, ya faɗi inda ciwon yake kafin a kwance noti ko ɗaya.

Takarda daga baya ta biyo. An buɗe makarantar fasaha ta Kaduna a 1956, ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha a 1968. A Zariya an kafa cibiyar fasahar sufuri ta NITT da ke Basawa a 1986, sai kwalejin da ake kira Nuhu Bamalli yanzu a 1989, sannan a matakin ƙasa aka kafa hukumar jarrabawar sana'o'i ta NABTEB a 1992.

Kasuwar kanikanci kuwa a shekarun 1970 ta buɗe, da kuɗin fetur suka shigo. Madatsar Tiga da shirin noma na Funtua na 1975 sun jawo katafila da gireda da motocin noma. Sayen inji ya fi kula da shi sauƙi ga gwamnatoci, shi ya sa da yawa suka ruɓe a harabar ma'aikatu.

Katafilar yau sai an jona mata kwamfuta take bayyana matsalarta. Bakaniken da ya ƙware a gareji yana bukatar karatun lantarki, mai difloma kuma yakan koma wajen oga ya koyi riƙon sifana kafin kamfanin gina hanya ya ɗauke shi.