Barmani Choge: Mawaƙiyar da ta haɗa kiɗan ƙwarya da barkwanci da faɗakarwa

Hajiya Sa'adatu Ahmad, wadda aka fi sani da Barmani Choge, mawaƙiya ce kuma gwanar barkwanci daga Funtuwa ta Jihar Katsina. An haife ta a shekarun 1940, ta kuma rasu a Funtuwa ranar Asabar, 2 ga Maris, 2013. Ta shafe kimanin shekara 40 tana jagorantar ƙungiyar mata masu kiɗan ƙwarya da ake kira amada, kuma tana cikin waɗanda suka fitar da wannan kiɗa daga tsakar gida zuwa manyan taruka da gidajen rediyo da talabijin.

Asali da suna

Barmani ta tashi a Funtuwa, garin auduga da ke kan layin dogon da ya taso daga Zariya ya nufi Gusau da Ƙaura Namoda. Kasuwanci ya tara baƙi daga sassa daban-daban a garin, makaɗa da mawaƙa kuma suka samu wurin zama. A nan ne Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi zama mai tsawo.

Sunan Barmani yana cikin sunayen gargajiya da Hausawa ke laƙaba wa ɗiyar da aka haifa bayan yayyenta sun yi ta rasuwa, wato roƙo ne ga Allah Ya bar wa uwa wannan. Kamar yawancin 'yan matan zamaninta, an yi mata aure da ƙuruciya, ta kuma haifi 'ya'ya da yawa. Zaman aure da haihuwa da kishi da neman na kai, waɗanda ta sani ciki da bai, su ne suka zama jigogin waƙoƙinta lokacin da ta yi fice a shekarun 1970.

Kiɗan amada

Kiɗan ƙwarya daɗaɗɗen kiɗa ne na mata a ƙasar Hausa. Ana kife ƙoruka manya da ƙanana a ƙasa, wata kuma a kife ta cikin babban masaki mai ruwa don ta ba da amo mai zurfi, sannan a riƙa buga su da 'yan sanduna. Makaɗan su ne kuma 'yan amshi. Ana yin sa a bikin aure da na suna, mata masu bori ma suna amfani da shi.

Muhimmancin kiɗan ya samo asali ne daga tsarin zaman gida. A ƙauyukan da ke kewayen kogin Watari a yankin Bagwai da Bichi, kamar sauran karkarar Kano da Katsina, matar aure takan wuni a cikin gida, kuma makaɗi namiji ba shi da hurumin shiga turakar mata. Ƙwarya kuwa tana nan a kowane gida. Saboda haka ranar biki mata kan samar wa kansu makaɗa da dandali, su yi rawa, su faɗi abin da ba a faɗa a zaure. A Kano, Hajiya Uwaliya Mai Amada ta shahara da wannan kiɗa, sai dai Barmani ce ta fi karkata shi zuwa raha da sharhi kan zaman duniya.

Salon wasanta

Wasan Barmani ya wuce rera waƙa kawai. Takan tsaya gaban makaɗanta tana rawa, tana kwaikwayon tafiya da muryar wadda take zolaya, tana jefa wa 'yan amshi magana suna mayar mata, mahalarta kuma suna tasowa suna liƙa mata kuɗi. Takan sako sunayen masu biki da na manyan baƙi a tsakiyar waƙa, ta yadda da wuya waƙa ɗaya ta fito iri ɗaya a wurare biyu.

Wannan haɗi na waƙa da rawa da wasan kwaikwayo yana da dangi a al'adar Hausawa, domin 'yan kama da 'yan gambara sun daɗe suna sa mutane dariya a kasuwanni da ƙofar gidaje. A Turai ma akwai makamancinsa, inda tun daga 1881, lokacin da aka buɗe gidan wasa na Le Chat Noir a birnin Paris na Faransa, mawaƙa ke haɗa waƙa da ba'a da sukar al'umma a gaban 'yan kallo kaɗan. Bambancin shi ne dandalin Barmani na asali tsakar gida ce, 'yan kallonta kuma matan aure ne da ke jin ana zancen rayuwarsu.

Jigogin waƙoƙinta

Waƙar da ta fi ɗaukar saƙo ita ce "A Kama Sana'a Mata", wadda a cikinta take zaburar da mata su nemi abin hannunsu maimakon zaman jiran miji. Saƙon ya dace da tattalin arziƙin da ke ɓoye a bayan katanga: matan da ke matse man gyaɗa, suna suyar ƙuli-ƙuli da ƙosai, suna dama fura, suna zuba adashi don haɗa kayan ɗakin 'ya'yansu.

A "Sakarai Ba Ta Da Wayo" ta yi wa mace marar dabara ba'a a fagen zaman kishi, waƙar da ta zama makamin habaici tsakanin kishiyoyi. A "Gwarne Ikon Allah" ta tsaya wa matar da ta samu juna biyu tun ba ta yaye na goye ba, wadda al'ada ke yi wa gori, tana nuna cewa haihuwa hukuncin Ubangiji ne. "Waƙar Duwaiwai" kuwa, wadda ta yaba surar jikin mace ba tare da sakaye ba, ita ce ta fi jawo mata suka.

Suka da matsayi

Masu sukarta sun ɗauki wasu kalamanta a matsayin batsa da ta saɓa wa kunya, musamman bayan da rediyo da kaset suka kai waƙoƙin da aka tsara domin kunnen mata zalla zuwa shaguna da tashoshin mota. Masu kare ta kuwa suna ganin ba ta ƙirƙiro komai ba, ta dai bayyana irin zancen da mata suka saba yi a tsakaninsu, kuma dariyar ce ta sa nasiharta ta shiga inda wa'azi bai cika isa ba.

Manazarta sun ba ta muhimmanci. Beverly Mack ta Amurka ta tattauna ayyukanta a littafin "Muslim Women Sing" na 2004, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano shi ma ya yi rubutu a kanta bayan rasuwarta.

Makomar amada

Tun daga shekarun 1990, bunƙasar finafinan Hausa ta kawo waƙoƙin fiyano, waɗanda sannu a hankali suka mamaye bukukuwa a birni da ƙauye. Ɗaukar mai na'urar sauti guda ya fi sauƙi a kan gayyato ƙungiyar mata da ƙorukansu, robobi da kwanoni kuma sun rage amfani da ƙwarya a gidaje. Yawancin waƙoƙin Barmani a kaset aka naɗe su, kuma abin da ke yawo a wayoyi da intanet a yau kwafe-kwafe ne marasa tsari, ba kwanan wata, ba sunayen makaɗan da suka yi mata amshi. Tattara su da rubuta baitocinsu aiki ne da ke jiran sassan nazarin Hausa na jami'o'i da gidajen rediyon da ke riƙe da tsofaffin faya-fayai, tun matan da suka buga mata ƙwarya suna raye.