Ziyarar Ghriba: abin da ke kai Yahudawa tsibirin Jerba kowace shekara

Ghriba sunan wani ɗakin ibadar Yahudawa ne da ke ƙauyen Erriadh, a tsibirin Jerba da ke kudancin ƙasar Tunisiya, tafiyar kimanin kilomita 500 daga Tunis babban birni. Ana lissafa shi cikin mafi daɗewa a nahiyar Afirka. Kowace shekara, cikin watan Afrilu ko Mayu, ayarin Yahudawa daga Faransa da wasu ƙasashe kan zo nan ziyara, kamar yadda jama'armu ke haɗa mota zuwa Kiota ko Kawlaha lokacin Mauludi.

Asalin wurin

Kalmar Ghriba Larabci ce, ma'anarta baƙuwa. Yahudawan tsibirin na cewa kakanninsu malaman ibada ne da suka gudo daga Baitul Maƙdis bayan da sarkin Babila ya rushe ɗakin ibadar da Annabi Sulaimanu ya gina, shekara 586 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma sun zo da wani yanki na ginin suka sa a nan. Wannan labarin baka ne. Ginin da ake gani yanzu na ƙarshen ƙarni na 19 ne.

Yadda ake ziyarar

Ana yin ta ne lokacin bikin Lag Ba'omer, kwana 33 bayan fara Idin Ƙetarewa, don tunawa da wani babban malaminsu, Shimon bar Yohai. Mai shiga sai ya cire takalmi, ya rufe kansa. Ana kunna kyandir, ana karatun Attaura. Mata kan rubuta buƙatunsu a jikin ƙwai, galibi neman aure ko haihuwa, su ajiye cikin wani ɗan kogo da ke cikin ɗakin. Daga bisani a fito da Menara, wata babbar ma'ajiyar fitilu da aka lulluɓe da gyale masu launi, a zagaya da ita ana waƙa. Ana yin gwanjo, kuɗin kuma su tafi wajen kula da wurin.

Fasaha da kayan tarihi

Bangon ɗakin an lulluɓe shi da tayil mai launin shuɗi, da ginshiƙai da bakuna irin na ginin Larabawan Magrib. A kasuwar Houmt Souk kuwa, maƙeran farfaru Yahudawa sun yi suna wajen ƙera kayan adon azurfa da zinariya. A 2014 aka ƙaddamar da shirin Djerbahood, inda masu zane kimanin 150 daga ƙasashe 30 suka ƙawata bangayen gidajen Erriadh, lamarin da ya ƙara jawo baƙi. A watan Satumba na 2023 hukumar UNESCO ta sa Jerba cikin jerin wuraren tarihi na duniya, har da Ghriba da tsofaffin masallatan tsibirin.

Barazanar tsaro

Wajajen 1948 Yahudawan Tunisiya sun kai kimanin 100,000. A yau ba su wuce 1,500 ba, mafi yawansu a Jerba, suna zaune maƙwabtaka da Musulmi, suna magana da Larabci. Ɗaya daga cikinsu, René Trabelsi, ya zama ministan yawon buɗe ido a 2018.

Sai dai wurin ya sha hari. Ranar 11 ga Afrilu 2002 wani ɗan ƙungiyar Alƙa'ida ya tarwatsa motar gas a bakin ginin, mutane kusan 20 suka mutu, yawancinsu Jamusawa ƴan yawon buɗe ido. Ranar 9 ga Mayu 2023 wani jami'in tsaro ya buɗe wuta, ya kashe maziyarta biyu da abokan aikinsa uku. A 2024, saboda yaƙin Gaza, an taƙaita bikin ga addu'o'i cikin ɗakin kawai, ba a fito zagaye ba.

Raguwar baƙi ba Yahudawa kaɗai take shafa ba. Masu otel, direbobin taksi da ƴan kasuwar tsibirin, waɗanda akasarinsu Musulmi ne, suna samun ciniki sosai a kwanakin ziyarar. Shi ya sa gwamnatin Tunisiya ke jibge jami'an tsaro masu yawa a duk lokacin da ta zagayo.